Yadda Janye CentOS Ya Shafi Masu Shafukan Intanet Daga Mile 2 Zuwa Agege

Duk wanda ya san Mile 2 a birnin Ikko ya san cewa nan ne hanyar Badagry ta gamu da wadda ta taso daga Oshodi ta nufi tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, kuma nan ne manyan motocin 'yan Arewa kan yi jerin gwano suna jiran lodi. Tun watan Fabrairun 2021, lokacin da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta kafa tsarin nan da ake kira Eto, mai mota ba ya shiga tasha sai an yankar masa izini ta intanet. Daga nan ne har waɗanda a da ba su san komai ba sai rasit da biro suka ga wajibi ne a koma ga na'ura. Dillalan fiton kaya da ƙananan kamfanonin sufuri da makarantun unguwa, daga Mile 2 har Zangon Agege, da dama a cikinsu sun mallaki shafi da adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfani, domin da shi ne abokan ciniki na Kwatano da Sin suke gane cewa ba da ɗan damfara suke magana ba.

Abin da akasarinsu ba su sani ba shi ne, shafin nan ɗan haya ne. Yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba ta barci dare da rana, ko dai a gidajen ajiyar bayanai na Ikko irin su Rack Centre da ke Oregun, ko kuma can a Turai da Amurka. Kamfanin da ke ba da wannan masauki tamkar fatoma ne na zamanin fataucin goro a Agege, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa. Sabar kuwa tana tafiya ne bisa wata babbar manhaja wadda ita ce harsashin ginin, sa'an nan a bisa harsashin aka ɗora allon sarrafawa, wato ƙofar da mai shafi ke bi ya buɗe sabon imel, ya ɗora hotuna, ko ya adana kwafin ajiyarsa ba tare da ya san ilmin injiniya ba. Allon da ya fi shahara shi ne cPanel, sai Plesk da DirectAdmin. Harsashin da aka fi ɗora cPanel a kai shekara da shekaru shi ne CentOS, wanda aka fara a 2004, kuma kyauta ne, kwafi ne na manhajar da kamfanin Red Hat ke sayarwa da tsada.

To, ranar 8 ga Disamba, 2020, aka wayi gari da sanarwar cewa CentOS 8, wanda aka yi alkawarin kula da shi har 2029, za a janye hannu daga gare shi a ƙarshen 2021. Wannan kuwa ya zo ne shekara guda da 'yan watanni bayan IBM ya saye Red Hat a kan dala biliyan 34. CentOS 7 aka bar shi ya kai 30 ga Yuni, 2024. Janye hannu ba ya nufin na'ura za ta mutu a ranar, a'a, za ta ci gaba da aiki yadda ta saba, illa dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga ranar babu mai toshe ta. Wannan ne ma ya sa lamarin ke da haɗari, domin ido ba ya ganinsa. Mai shafi zai buɗe ya ga komai daidai, alhali kuwa katangar baya ta tsage.

Ba a daɗe ba aka sami magada. Kamfanin CloudLinux ya fito da AlmaLinux a watan Maris na 2021, sa'an nan Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS tun asali, ya fito da Rocky Linux a watan Yuni. Masu cPanel suka karɓi AlmaLinux, a 2022 kuma suka buɗe ƙofa ga Ubuntu, suka kuma bayyana cewa fitowarsu ta 110 ita ce ta ƙarshe da za ta hau CentOS 7.

A nan ne gizo ke saƙa. Sauya harsashi alhali gini na tsaye da mutane a ciki ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai wata manhaja mai suna ELevate da aka shirya domin a ɗaga saba daga tsohon tsari zuwa sabo ba tare da an kwashe kaya ba, amma aikin na bukatar kashe na'ura da kunna ta sau da dama, kuma su kansu masu ita sun gargaɗi kowa da ya adana kwafi tukuna. Ko an haye wannan, akwai sauran rina a kaba. Shafin da wani yaro ya gina wa Alhaji shekaru goma da suka wuce, da yaren PHP na wancan zamani irin 5.6 wanda aka daina gyaransa tun ƙarshen 2018, sau da yawa ba ya tashi a kan sabon tsari sai an sake masa aiki. Yaron kuwa mai yiwuwa ya bar Ikko, lambar sirrin ma tana wurinsa. Wannan ɗabi'a ta bar wa mai gyara makullin shago gaba ɗaya, wadda babu ɗan kasuwar da zai yarda da ita a rumfarsa, ita ce aka ɗauka ba komai ba a harkar intanet.

Sai kuma batun kuɗi. A watan Yunin 2019 cPanel ya sauya tsarin farashinsa, maimakon kuɗi ɗaya a kan kowace saba, sai ya koma caji bisa yawan masu haya a cikinta, kuma da dala ake biya. Dalar da gwamnati ke canjawa wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,400 a Fabrairun 2024, wato 'yan watanni kafin wa'adin CentOS 7 ya cika. Ƙaramin mai ba da masauki a Ikeja, wanda ke karɓar naira ya biya dala, ya sami kansa tsakanin ƙara wa abokan ciniki kuɗi, ko sayen ƙarin wa'adin tsaro daga kamfanoni irin su TuxCare, ko komawa allo mai rahusa, ko kuma ya yi shiru ya bar na'urar yadda take. Na ƙarshen nan ya fi arha a yau, kuma mai shafi ne zai biya shi gobe, ranar da wani ya kutsa imel ɗinsa ya aika wa abokin ciniki lambar asusun banki ta bogi da sunansa.

Dillalin da ke Mile 2 ba sai ya koyi Linux ba. Ya isa ya tambayi mai masaukinsa wace manhaja ke ƙarƙashin sabar da yaushe wa'adinta zai ƙare, ya karɓi lambar sirrin allonsa a hannunsa, ya tabbatar sunan shafin da sunansa aka yi rajistarsa, ya kuma sauke kwafin shafin da wasiƙunsa ya ajiye a wani wuri daban. AlmaLinux 8, wanda da yawa suka koma kansa, nasa wa'adin zai cika a 2029.