Kashi na 17: Yaro ya biya wa yaro karatu

Yau da malaman firamare nake, musamman na ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Illo, Lolo da Tsamiya, can bakin iyakar Binin.

Yaro ya kai aji huɗu, a miƙa masa littafi ya yi tsuru-tsuru. Aji cike maƙil, malami ɗaya tal. To, yaya za a yi? A haɗa yaran bibbiyu, mai ɗan ƙarfi ya ja mai rauni. Ai mun san abin tun a makarantar allo, inda gardi ke biya wa kolo.

Amma fa haɗin shi ne aikin. Yawancinmu sai mu ɗauki na ɗaya a aji mu zaunar da shi da na ƙarshe. Gwanin ya ƙosa ya karance shafin, ɗayan ya sunkuyar da kai don kunya, an tashi ba a tsinana komai ba. Masana biyu a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, Doug Fuchs da Lynn Fuchs, ga yadda suka tsara: malam ya jera yara daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ya raba jerin biyu. In yara 60 ne, na 1 ya tafi da na 31, na 2 da na 32, har ƙarshe. Tazara ta ragu ke nan. Jerin kuma ya tsaya a aljihun malam, don Allah kada a manna shi a bango.

Mai ƙarfi ya fara karantawa minti 5, ɗayan ya maimaita wurin minti 5. In ya cije a kalma, a ɗan saurara masa tukuna, sannan a faɗa masa, ya sake jimlar daga farko. Littafi ɗaya ya ishi mutum biyu.

Sai abin da ya shafi Bagudo, wato harshe. Wani da Fulatanci ya tashi, wani Zabarmanci, wani Kyanganci. Wanda ya fara boko a tsallaken iyaka kuwa da Faransanci ya soma, in ya ga "c" ba zai furta ta kamar ta "ci" ba. Irin wannan a nema masa abokin da suke jin yare ɗaya.

Malam kuma ba zama zai yi ba, zagayawa zai riƙa yi yana kasa kunne. Bayan mako huɗu a sauya abokai.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.