Ja da ƙafa huɗu ba tare da farfela ba

Duk bakaniken da ya saba da Land Cruiser a N'Djamena ya san abin da zai tarar idan ya shiga ƙarƙashinta: farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Amma a RAV4 ko Highlander haibirid, wato mai haɗa fetur da lantarki, ko ya wuni yana leƙe ba zai gan shi ba. Waya ce kawai mai kauri, ruwan lemo, ta miƙe zuwa wani ƙaramin injin lantarki da aka girke tsakanin tayoyin baya.

Toyota ce ta fito da tsarin a Estima Hybrid a 2001, ta raɗa masa E-Four. Peugeot ta bi sahu da 3008 HYbrid4 a 2011, Volvo kuma da V60 a 2012.

A kan kwalta, tayoyin gaba ne ke jan motar, na baya suna bin su salin alin, shi ya sa ba ta shan mai sosai. Kowace taya tana da na'urar da ke ƙirga juyawarta tana sanar da kwamfutar motar. Da zarar na gaba sun fara sulɓi, a ce a taɓon unguwar Walia cikin Agusta, sai kwamfutar ta tura wuta baya kafin direba ya ankara. Haka ma wajen tashi daga tsaye. Idan aka taka birki kuma injin lantarkin ya koma janareto, yana mayar da wuta cikin batir. Ba a jona irin wannan RAV4 a soket, abin da duk wanda ya san ɗauke wutar garin nan zai yi na'am da shi.

Sai dai kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Injin baya na RAV4 ta 2019 kilowat 40 ne, na Prius ta shekarar bai kai 6 ba. Za su fitar da kai daga santsin lungu. Doguwar tafiya cikin rairayin hanyar Faya kuwa, a bar wa mai farfela, domin idan lantarkin ya ɗau zafi kwamfuta rage masa ƙarfi take yi. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna wahalar da batir, don haka a riƙa share matacin fankarsa da ke wajen kujerar baya. Ambaliya irin ta 2022 ba wurin gwajin jarumta ba ce.

In ta mace a hanya, a ɗora ta kan babbar mota. Jan ta da igiya yana juya injin bayan ya haifar da wuta, ya lalata kayan lantarkin.