Zaure Ba Ya Tambayar Shekaru

A ƙasar Hausa ba wanda zai yi wa dattijo mai furfura dariya don ya rungumi Iziyya ko Risala ya nufi zauren malam bayan sallar asuba. Ɗan kasuwa da maƙeri da tsohon ma'aikaci kowa ya zauna, a biya masa gwargwadon inda ya tsaya, ya tashi ya kama sana'arsa. Ba rajista, ba jarrabawa, ba ranar gamawa. Amma dattijon nan ya sayi fensir da littafin rubutu ya ce zai shiga ajin yamma ya koyi boko, sai ka ji ana ƙus-ƙus: da girmansa? Me ya rage masa? Bakin da ke cewa gemu ba ya hana ilimi shi ne ke wannan tambaya.

A karatun addini, mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: takan naɗa wa mace mai hankali malfa ta zama jaji, jajin ta jagoranci matan ƙauye zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma su koyar da waɗanda aure da raino suka tsare a gida. Karatun ne aka kai wa mai hidima har ɗaki, tunda ita ba ta da halin zuwa.

Da boko ya shigo, sai ya zo da aji da ƙararrawa da shekarun shiga, wanda ya wuce su kuma aka ɗauka jirgi ya bar shi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ƙoƙarin gyara wannan a shekarun 1950 da shirin Yaƙi da Jahilci. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne masu tsara shi sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi, in bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. Manomi ya karanta labarin garinsu da harshensa, ya duba takardar harajinsa da idonsa. Hukumar ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959.

Kano ta farfaɗo da aikin a 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jiha, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. A 1990 gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa, jihohi kuma kowace na da irin tata. Sai dai a gaskiya azuzuwan da yawa sun koma suna a takarda, domin malamin da ake yi wa jinkirin ɗan alawus ɗinsa wata da watanni ba zai daɗe yana zuwa ba.

Duk da haka ƙofofin da ke buɗe yau sun fi na da yawa. Wanda bai iya karatu ba sam, ya tambayi ofishin ilimin manya na ƙaramar hukumarsa, ko makarantun matan aure da na dare da Islamiyyu da dama ke gudanarwa. Wadda aure ya katse mata sakandare tana iya zana jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ba tare da ta koma cikin yara ta sa yunifom ba. Mai sana'ar hannu yana da jarrabawar NABTEB. Malamin firamare yana da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda tun 1976 take koyarwa daga nesa. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a zamanin Shagari a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka sake buɗe ta a farkon shekarun 2000 a mulkin Obasanjo. Shi kansa Obasanjo ya shiga a matsayin ɗalibi, ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80 a duniya.

Kuma buƙatar ta ƙaru. Yau saƙon banki a waya yake zuwa. Mai shagon da ba ya iya karanta alat dole ya miƙa wa wani wayarsa, wani lokacin har da lambar sirrinsa, ya kuma yarda da duk abin da aka faɗa masa. Uwar da ba ta karanta takardar magani tana auna wa ɗanta da ka. Irin waɗannan mutane ba satifiket suke nema ba, kuma ajin da zai riƙe su sai ya bi lokacinsu: bayan la'asar ko isha'i, ban da ranar kasuwa, a sassauta lokacin shuka da girbi, a kuma fara da lissafin ciniki da karanta saƙon waya kafin a kai ga nahawu.