Tsuntsun daji mai numfashi da ƙyar: kada a ɗauka, kada a ci

Da kaka ta wuce, agwagin ruwa da sauran tsuntsaye sukan taru a gaɓar Kogin Binuwai a Garwa, da madatsar Lagdo, da tafkin Maga. Wani lokaci yara kan tsinci ɗaya ya kasa tashi, yana buɗe baki yana haki, su kawo gida da murnar an samu nama. Iyaye, a kula.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan haki wata tsutsa ce mai faɗi kamar ɗan ganye, wadda ke zama a maƙogwaron agwagwa. Tana zuba ƙwai, tsuntsun ya yi tari ya haɗiye su, su fita cikin kashinsa zuwa ruwa. A can suke ƙyanƙyashewa su shiga jikin dodon koɗi. Agwagwar da ta ci dodon koɗin sai ta kamu. Idan tsutsotsin suka yi yawa, sukan toshe hanyar iska har tsuntsun ya mutu.

Wannan tsutsa ta tsuntsaye ce, ba ta mutane ba. Amma da ido ba a iya bambance ta da murar tsuntsaye, wadda ke kashe kaji, take kuma kama mutum. A shekarar 2006 an tabbatar da ɓullarta a jikin agwagwa a Marwa.

Ruwan da dodon koɗi ya yi yawa a ciki yana da wani haɗarin kuma. Tsutsar tsargiya ma ta jikinsa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko wanki, daga baya a ga jini a fitsari. Maganinta praziquantel ne.

Saboda haka:

- Kada a taɓa, a yanka ko a fige tsuntsun da aka tsinta da ciwo ko a mace. A sanar da shugaban unguwa ko ma'aikatan lafiya.
- Wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu nan take.
- A killace kaji da agwagin gida, a ba su ruwan famfo.
- A hana yara wanka a kududdufi. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibitin sansani.

Allah Ya ƙara mana lafiya.