Jar akuyar Maraɗi: zaɓi bunsurunka da kyau

Malam makiyayi, ko a Tibiri kake ko a Jiratawa, dubi garkenka. Tun 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki a Maraɗi don tsare irin jar akuya, mai yawan tagwaye, mai fatar da ake so har Turai. Amma iri yana lalacewa in kowane bunsuru ya samu barbara.

Ka ba ƴan bunsura dusa da harawa daidai wa daida. Wanda ya fi saurin girma, kuma uwarsa mai nono ce, shi za ka aje. Sauran a dandaƙe su. Kada bunsuru ya hau ɗiyarsa. Yi musanya da maƙwabci. In ka kai nagari kasuwa, raggo ne zai haifa maka garken baɗi.