Ƙidayar Tsuntsayen Fadamar Haɗeja: Abin da Lissafin Yake Nunawa

A wannan maƙala muna so mu jawo hankalin mahalarta zuwa ga wani aiki da akan ɗauka shagalin Turawa ne, watau kallon tsuntsaye da ƙidayarsu a fadama. Mu a ganinmu, ma'aunin ruwa ne.

Manomin Aujara, a ƙasar Jahun, ba ya bukatar a koya masa cewa tsuntsu yana da lokaci. Idan ya ga shamuwa ta sauka, ya san damina ta ƙarato. Amma ita shamuwa cikin Afirka take yawonta. Akwai wasu baƙin na dabam, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa, waɗanda suke hayayyafa a Turai da arewacin Asiya. Sukan ƙetare Sahara bayan damina, su yi hunturu a fadamun kogin Haɗeja, daga Baturiya har Nguru da Dagona. Nan suke cuɗanya da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Saboda haka ne akan yi ƙidaya a watan Janairu, sa'ad da baƙin suka gama hallara, ruwa kuma ya fara janyewa ya tara su wuri ɗaya.

To, me lissafin yake nunawa? Waɗannan tsuntsaye ambaliya suke bi. Shekarar da kogi ya malala sosai, sukan yi yawa; shekarar da ya tsuke, sukan ragu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma ƙara ta Challawa a 1992, zuwan ruwa ya sauya hali: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuwa yana kwanciya a wasu hanyoyi har rani. Wannan ne ya ba kachala damar toshe magudanai, ta zama mafakar jan-baki mai cinye shinkafa da dawa.

An kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, an kuma sa Baturiya cikin jerin fadamun yarjejeniyar Ramsar a 2008. Wannan abin yabo ne, sai dai suna a takarda ba ya sako ruwa daga Tiga. Ruwan da agwagwar Turai ta rasa a Janairu, shi ne masunci da makiyayi da mai noman rani suka rasa a wannan shekarar. Don haka muke roƙon a riƙa ajiye lissafin tsuntsayen kusa da na sakin ruwan madatsun, a karanta su tare.