Yadda tsarin jerin zaɓi a kwamfuta ke rage kuskure a ofis da kanti

Duk wanda ya taɓa cike fom a kwamfuta ya san ɗan akwatin nan mai kibiya a gefe, wanda da an latsa shi sai jerin sunaye ya zubo. Mutane da dama na ɗaukar launi da girman rubutun cikinsa a matsayin ado, alhali su ne ke hana hannu zamewa zuwa sunan da ba shi ake nufi ba.

Jihar Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, huɗu daga cikinsu da harafin B suka fara: Bakura, Birnin Magaji, Bukkuyum da Bungudu. Gummi na dab da Gusau a jeri, haka ma Maradun da Maru. Idan layukan suka matsu, ma'aikacin da jama'a suka yi wa layi na iya mayar da mutumin Bungudu ɗan Bukkuyum, gyaran kuwa sai an sha zirga-zirga.

Tsafe ma na da tata matsalar, domin wasu takardu "Chafe" suke rubutawa. Mai duba ƙarshen jeri ba zai gan ta ba idan an ajiye ta kusa da farko. Maganin shi ne a haɗa sunayen biyu a layi guda.

A Windows, mai haɗa manhaja na da ikon tsara kowane layi yadda ya ga dama: ya ƙara tazara, ya kaurara sunan da aka fi zaɓa, ya dusashe kayan da suka ƙare a kanti. Amma jerin da ake yi a ɗakunan lissafi na Excel ba ya karɓar launi layi-layi, sai dai a rina ɗakin bayan an zaɓa.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, launi kaɗai bai isa ba, domin wasu ba sa bambanta ja da kore, don haka a haɗa da kalma kamar "ya ƙare". Na biyu, a zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, don kada Ƙaura Namoda ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko.

Kafin ɗan kasuwa ko shugaban ofis ya biya kuɗin manhaja, ya zaunar da wanda zai riƙa aiki da ita ya zaɓi sunaye goma cikin sauri. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne ke buƙatar gyara.